Mudir Biyu a Asusu Ɗaya

Ku da kuka taso da waya a hannu, in ta faɗi ta fashe sai ku sayi wata, ku zuba adireshinku da kalmar sirri, kafin ruwan shayi ya tafasa hotunanku da lambobinku sun dawo kamar ba abin da ya faru. Shi ya sa in na ce muku na ci abinci shekara da shekaru a Sabha, can ƙasar Larabawa ƙetaren sahara, da wannan aikin kaɗai, wato mutum ya zauna gaban kowace kwamfuta a ofis ya tarar da kayansa yadda ya bar su, sai ku kalli juna. Ina ganin kallon. Wani cikinku ma ya taɓa tambayata, "Baba Isiyaka, to ban da wannan me kuke yi?" Ba mu yin komai ban da wannan, kuma bai taɓa barinmu mun zauna ba.

Aikin farko da na yi a sana'ar nan riƙe tsani ne. Daga Damagaram na zo, a bayan mota kamar kowa, da niyyar ɗaukar bulo. Wata safiya muna zaune bakin titi a unguwar Mahdiya, inda 'yan ƙwadago ke jiran mai ɗauka, sai wani dattijo siriri ya tsaya da tsohuwar motarsa. Ya leƙo ya ce, da Hausa, yana son mutum ɗaya wanda ya iya karanta boko kuma ba ya jin jiri in ya hau sama. Na yi lekol har koleji kafin abin ya gagara, don haka na ɗaga hannu. Shi ne Usta Tijani, mutumin Sudan, jikan mahajjatan da suka tashi daga ƙasar Hausa da ƙafa suka yada zango a can ba su koma ba. Hausarsa irin ta kakanni ce, in yana magana sai ka ji kamar wani tsoho ne a ƙauyenku ya koyi haɗa kebul.

Lokacin kuɗin mai sun dawo ƙasar, an buɗe ƙofa ga kayan waje, kowane ɗan kwangila yana son a gan shi da kwamfuta a kan kowane tebur, ko da mai teburin bai san inda ake kunna ta ba. Mu a gida odinatar muke cewa, Larabawa su ce jihaz, 'yan Najeriya su ce kwamfuta, kuma tasu ce ta ci kasuwa. Usta yana da ƙaramin shago a Mahdiya, tsakanin mai walda da mai gyaran firji, amma ba ya wuni a ciki. Aiki ya fi ƙarfinsa.

Kayan aikin duka jaka ɗaya ce: filayar matse kan kebul, ɗan abin gwaji mai jerin fitilu, sukudireba, injin hura iska saboda rairayin da iskar gibli ke cusa wa na'ura, da akwatin faya-fayen CD. Cikin kebul akwai siraran wayoyi masu launi, kowace da gurbinta. Na daɗe ba abin da nake yi sai jera su in matse. In na miƙa wa Usta, ba ya ko sa abin gwaji. Sai ya ɗaga kan kebul ɗin ga haske, ya ɗauki almakashi ya datse, ya miƙo mini sauran. Bai taɓa zagina ba. Da ya zage ni da ya fi sauƙi, don kebul ɗin yana ta gajarcewa a hannuna, kowa a shagon yana gani.

Ƙa'idarsa ɗaya ce da yake maimaitawa. "Ɗana, kafin ka miƙa aiki ka kwafe shi a faifai yadda yake a ranar, ka ajiye. Mutum zai ɓata abinsa da hannunsa, ya zo ya ce haka ka ba shi."

Ga yadda aikin yake, don kada ku ce ban faɗa muku ba. A ofis akwai babbar kwamfuta ɗaya da ake kullewa a ɗaki mai sanyi, ita ake kira uwar garke, sauran duk an ɗaure su da ita da kebul. Kowane ma'aikaci yana da asusu, wato suna da kalmar sirri. Duk abin da ya saita wa kansa, girman rubutu, harshen da yake bugawa da shi, firintar da takardunsa ke fita, hoton da ke bayan allo, har fayilolin da ya watsa a fuskar allon, ana ɗaure su ƙunshi ɗaya a ajiye wajen uwar garke. In ya shiga da sunansa a kowace kwamfuta, ƙunshin ya sauko. In ya fita, ƙunshin ya koma da duk canjin da ya yi, ya hau kan tsohon ya danne shi. Iyakar ilimin ke nan, a takarda ba ya cika rabin shafi. Abin da takardar ba ta faɗa ba shi ne mutane ne za su zauna a kujerun.

Aikin da Usta ya fara turani ni kaɗai a wani ofishin masu sayar da taki da injin ban-ruwa ne, waɗanda ke kai kaya gonakin Samnu. Mai ofishin ya yi ƙorafi cewa da safe kwamfutoci ba sa buɗewa sai rana ta yi sama. Na duba na samu ma'ajiyarsu, Ustaza Salma, ta zuba bidiyon bikin ƙanenta gaba ɗaya a fuskar allo. Kowace safiya bikin nan, da makaɗa da 'yan rawa, sai ya sauko ta kebul ɗaya da kowa ke bi, ya toshe hanya. Kowace yamma ya koma. Su kuma ma'aikata sun saba: a danna suna, a koma gefe a yanka burodi, a zuba kifin gwangwani da yaji, a sha shayi zagaye uku. Na nemi izininta na kwashe bidiyon zuwa wani wuri inda za ta riƙa kallo ba tare da ya bi ta ba. Washegari kafin su zauna komai ya buɗe. Wani magatakarda, burodi a hannu, ya dube ni.

"Kai ka gyara?"

"Ni ne."

"Wa ya sa ka?"

Godiyar da na fara samu a sana'a ke nan, kuma yawancin waɗanda suka biyo baya kamarta suke.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ba shekarar rashi ba ce, shekarar da kuɗi suka fi yawa ce. Akwai wata sharika, wato kamfani, ta Hajji Sanusi, tsohon ɗan kasuwar sahara da ya yi rayuwarsa tsakanin Sabha da Agadez. Yana da manyan motoci da gonar dabino a Ghuddwa, da mai ya yi tsada kuma sai kwangilar kai ruwa da abinci da siminti sansanonin haƙar mai ta faɗo masa. Usta ne ya haɗa musu kwamfutoci, ya buɗe wa tsohon asusu mai suna mudir, wato shugaban wuri. Ranar miƙa aiki tsohon ya zauna gaban allo cikin farin mayafinsa, hannuwa a kan gwiwa, Usta ya ɗauke shi hoto da kyamara ya sa a bayan allon. Hajji Sanusi ya kalli kansa ya yi dariya, ya ce a rufe abin da ƙyalle kada rairayi ya shiga. Bai taɓa ɗora yatsa a kanta ba, kuma shekara ba ta zagayo ba Allah ya karɓi ransa.

Bayan rasuwar ne Usta ya ajiye ni a sharikar dindindin. Suka yi mini ikama, takardar izinin zama, da sunansu, fasfo ɗina kuma ya shiga sef ɗinsu kamar na sauran baƙi.

Tsohon ya bar 'ya'ya maza biyu a kan dukiyar. Babban, Hajji Miftah, cikin mota ya girma. Ofishinsa yana ƙasa, taga tana kallon filin da motoci ke tsayawa. Idonsa ya fara rauni, yana son rubutu manya-manya, Larabci zalla, firinta kuma a gefen hannunsa. Yana jin Hausar kasuwa irin ta Agadez, kuma da ita yake yi mini magana, musamman in ransa ya ɓaci. Ƙaramin, Ustaz Nuri, a Tarabulus ya yi karatu. Ofishinsa yana sama, shi ke rubuta wa kamfanonin waje da Turanci, yana son rubutu ƙanana don lissafi ya shige allo ɗaya, da firintarsa mai launi. Dukansu biyu da asusun mudir suke shiga.

Kun riga kun ga abin da zai faru. In Nuri ne ya fita ƙarshe, da safe Hajji zai tarar da rubutu kamar ƙwayar gero, yana danna harafin Larabci na Turanci yana fitowa, takardar lodinsa kuma tana fita a sama cikin launi. In Hajji ne ya fita ƙarshe, Nuri zai tarar da haruffa kamar na allon talla, wasiƙarsa tana fita ƙasa kusa da direbobi.

"Ishak, kai zo," in ji Hajji, don haka suke kiran sunana. "Wannan jihaz, jiya rubutu babba, yau rubutu ƙarami. Wa ya taɓa?"

Maganin a bayyane yake, ko wanda ya fara koyo ya san shi: a yi wa kowa asusunsa. Na faɗa wa Hajji.

"Madalla," ya ce. "Yi wa Nuri nasa."

Na hau sama na faɗa wa Nuri.

"Shawara ce mai kyau. Hajji ya manyanta, a yi masa nasa mai manyan haruffa, zai ji daɗi."

Na sauko na ce to a yi wa kowa sabo, a rufe na mudir gaba ɗaya. Hajji ya juya ya kalli hoton da ke allo, ya daɗe, sannan ya ce, "Kai kana so ka rufe babana?" Na ce a yi mudir na ɗaya da mudir na biyu. Ya tambaye ni wane ne na ɗaya. Daga nan ban ƙara kawo shawara ba.

Haka aka yi ta tafiya. Hajji ya tabbata yaran Nuri ne ke shigar masa ofis, ya canza makulli, rubutu bai fasa ƙanƙancewa ba. Nuri ya ce ƙwayar cuta ce, ya aika Tarabulus aka kawo manhajar riga-kafi mai tsada, ta bincike ko'ina ba ta samu komai ba, don ba a ƙera ta don ta gano wansa ba. Amma Nuri ba wawa ba ne. Wata rana ya zaunar da ni, ya miƙo takarda da biro, ya ce in zana masa yadda ƙunshin ke sauka da hawa. Na zana. Ya bi kibiyoyin da yatsa.

"Wato wanda ya fita ƙarshe, nasa ke zama."

"Haka ne, Ustaz."

A lokacin Sidi yana zuba masa shayi. Sidi Buzu ne mutumin Agadez, tsohon direban marigayi, da ƙafa ta gaza aka bar shi da dafa shayin ofis. Shi kaɗai ke shiga sama da ƙasa ba tare da an ce ya ɗauki ɓangare ba. Kafin farantinsa ya kai ƙasa, Hajji ya san dokar shi ma.

A da, ofis yana tashi bayan azahar, kowa ya tafi gida ya ci taliya ya kwanta. Daga ranar nan aka daina. Hajji ba zai fita ba sai motar Nuri ta bar fili, Nuri ba zai fita ba sai ta Hajji ta bar shi. Ma'aikaci kuma ba ya tashi mudir yana zaune. Aka fara kaiwa la'asar, aka koma ana sallar magariba a tsakar fili. Nuri ya taɓa fita da mota, ya zaga unguwa, ya dawo da ƙafa ta ƙofar baya. Hajji ya taɓa tura direba da motarsa gida, shi ya kashe fitila ya zauna. Manyan mutane ne masu iyali, da sa hannunsu ake motsa motoci har iyakar ƙasa.

Labari ya bazu cewa ni na koya musu. Masu ba ni burodi da safe suka daina, wani ya riƙa sace mini iskar keke. Har 'yan uwana direbobi, mutanen Tawa da Damagaram, in na gaishe su sai su amsa da hanci. Abin dariyar shi ne sharikar ba ta taɓa yin aiki irin na lokacin ba. Mutane suna zaune ba hanyar tafiya, sai suka yi ta aiki saboda gajiya da zama. Kaya suka riƙa isa kafin lokaci, kamfanonin waje suka ƙara kwangila, aka ƙaro kwamfutoci har ɗakin mai gadi.

Wata Juma'a na je na kai wa Usta kuka. Yana kwance injin wata firinta, bai ɗago ba.

"Wannan ba ciwon na'ura ba ne, ɗana. Gado ne ba a raba ba, kai kuma ba alƙali ba ne. Je ka hura musu rairayi."

Da zafi ya kankama kuran, wato wutar lantarki, ya fara ɗaukewa. Akwai batirin ajiya da ke riƙe uwar garke da kwamfutocin manya na ɗan lokaci, yana kuka ƙit-ƙit, don mutum ya samu ya fita lafiya kafin a tada gurup, wato janareta. Wata rana da yamma wuta ta ɗauke, aka je tada gurup aka tarar babu mai a ciki. A ƙasar mai, a sharikar da ke da tankokin mai a fili, amma mai makullin tankin ya tafi Ghuddwa. Batiri ya fara kuka. Na tsaya a tsakiyar matakala, inda duka biyun za su ji ni, na ce don Allah su fita yanzu.

"Ya fita?" in ji Hajji daga ƙasa.

"Hajji ya fita?" in ji Nuri daga sama.

Kukan batiri ya ƙara sauri. Sidi yana tsaye kusa da ni da faranti, ya ce da ni a hankali, "Ubansu ma haka yake a ciniki, sai mota ta tashi yake yarda." Suka yi ta jira har kukan ya zama ɗaya dogo, sannan suka danna, a tare kamar an ƙirga musu. Ƙunshi biyu suka kama hanya zuwa wuri ɗaya, uwar garke ta mutu suna tsakiya.

Da safe duk wanda ya shiga da sunan mudir sai ya ga shuɗin allo fayau, da ɗan saƙo cewa ba a samu kayansa ba, ga na aro. Babu manyan haruffa, babu ƙanana, babu Hajji Sanusi.

A ɗakin uwar garke suka same ni, su biyu kafaɗa da kafaɗa. Nuri yana magana da Larabci, Hajji yana mayarwa Hausa kada wani abu ya wuce ni. Tsohon ba ya yarda a ɗauke shi hoto, ban da na fasfo wannan ne kaɗai suke da shi. Hajji ya ce in babu hoto babu ikama, kuma akwai mota mai zuwa Agadez, amma ba a gaba zan zauna ba. Nuri ya gyaɗa kai. Tun rasuwar mahaifinsu ban ga ɗaya ya yi magana ɗayan ya gyaɗa kai ba sai ranar, kuma a kaina aka samu wannan zumuncin.

Na ce su kwantar da hankali, hoton yana nan, ina kwafe ƙunshin lokaci-lokaci ina ajiyewa. Hajji ya ce alhamdu lillahi. Nuri ya ce, "Wane kwafin za ka mayar?"

Nan zumuncin ya ƙare. Kwafin ƙarshe na ranar da Nuri ya yi nasara ne, wanda ke gabansa na ranar Hajji. Duk wanda na mayar, ni baƙo ɗan ƙwadago na naɗa mudir ke nan. Hajji ya tuna mini makullin sef yana aljihunsa. Nuri ya tuna mini shi ke sa hannu a sabunta ikama. Fasfo ba ikama ba ya hana 'yan sanda ɗaukarka, ikama ba fasfo kuma ba ta kai ka gida. Na roƙi su ba ni zuwa gobe.

Na tura keke, don ranar ma an sace iskar, har Mahdiya. Usta ya saurare ni har ƙarshe. Ya jawo akwatin faya-fayensa daga ƙarƙashin tebur, ya yi ta ɗagawa yana mayarwa, sannan ya zaro ɗaya ya goge da hannun riga. Kwafin ranar miƙa aiki ne.

"Mayar musu da na ubansu," ya ce. "Sannan ka kulle shi."

Kullewar ba wani aiki ba ne. Wutsiyar sunan fayil ɗaya ake canzawa, daga nan ƙunshin ya riƙa sauka amma ba ya komawa. Mutum ya canza abin da ya ga dama, in ya fita komai ya dawo yadda yake.

Washegari na tara su gaban kwamfutar ƙasa na shiga. Tsohon ya fito cikin farin mayafinsa, hannuwa a gwiwa. Rubutun matsakaici ne, ya yi wa Hajji ƙanƙanta, ya yi wa Nuri girma. Firintar da aka zaɓa wata tsohuwa ce da ta mutu tuni, tana sito ana ɗora mata buhun sukari. Na ce na mayar da asusun yadda Hajji Sanusi ya bar shi, kuma na kulle, ba mai iya danne shi.

Hajji Miftah ya matso da fuska kusa da allo. "Haka baba yake so?"

"Haka ya bar shi, Hajji."

Ban yi ƙarya ba. Saitin nan kaf Usta ne ya danna shi a gurguje wata azahar yana jin yunwa. Nuri ya san mahaifinsa bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, ya kuma kalle ni yadda na gane ya sani. Amma ba zai zama ɗan da ya ce a goge abin da uba ya bari ba, gaban wansa, gaban Sidi.

"Allah ya ji ƙansa," in ji Hajji. "Mutum ne mai tsari."

"Amin," in ji Nuri.

Daga ranar ba riba a fita ƙarshe. Ofis ya koma tashi bayan azahar, aka koma ba ni burodi, kaya suka koma makara yadda suka saba. Ni kuma na samu sabon aiki. Kowace safiya in Hajji ya shiga, sai in tsaya a bayansa in ƙara girman rubutu, in juya harshe, in zaɓi firinta. In Nuri ya iso in hau sama in yi akasin haka. In ɗayansu ya fita sallah ya sake shiga, a sake kirana. An sayi uwar garke, an ja kebul cikin bango, an ɗauke ni aiki, duk don kada kowa ya riƙa yin wannan da hannu. Da hannu na yi shi har aka raba sharikar, kuma a wannan zamanin ne suka fi yabon ƙwarewata, don kullum suna ganina ina aiki.

Rabon ya zo ne da baffanninsu suka taso daga Ghuddwa suka zauna da su. Hajji ya ɗauki motoci da gona da tsohon gini, Nuri ya ɗauki kwangiloli ya gina sabon ofis mai gilashi a nasa rabin filin. Magina 'yan garinmu suka ja katanga a tsakiya, ta fi tsayin mutum. Aka sayo uwar garke ta biyu. Na yi wa kowa asusunsa mai suna mudir, da hoton tsoho, da girman rubutun da yake so. Abin da na roƙa tun farko aka ƙi, kafin hantsi ya ƙare na gama shi. Suka ce a yanke kebul ɗin da ya haɗa ɓangarorin a gabansu, kowa da shaidunsa. Na sa filaya na datse, wani baffa ya yi addu'a. Ikamata ta zauna wajen Hajji, Nuri kuma ya ce in riƙa zuwa masa da yamma.

Abin da baffannin ba su duba ba shi ne kwangilar Nuri ba ta tafiya sai da mota, motar Hajji kuma ba ta tashi sai da takardar lodi, kuma takardun a wajen magatakardan Nuri ake yin su. 'Yan uwa ba sa magana, sai Sidi ya zama kebul. Ya sa filas ɗin kwamfuta mai ɗauke da takardun a aljihu, ya fita ta ƙofar Hajji, ya bi titi cikin rana da gwiwarsa mai ciwo, ya shiga ta ƙofar Nuri, ya dawo. In an yi kuskuren lamba ɗaya ya sake zagawa. Direbobi suna kwance ƙarƙashin motoci suna jira, kayan abinci suna lalacewa a bodi.

Wata safiya Hajji ya ce in rufe ƙofa.

"Ishak, in an huda katanga ƙasa-ƙasa, bayan tankin ruwa, kebul yana wuce?"

"Zai wuce, Hajji."

"Nuri yana gani?"

"Sai in ya duƙa."

"Nuri ba ya duƙa. Kai yi. Yaransa su sa takarda, yarana su ɗauka. Shi kada ya sani."

Ban kai ga aron injin huda bango ba, a satin nan, Nuri ya tsayar da ni ina hura rairayi a sabon ofis. Ya sallami magatakarda, ya rage murya. Ya ce ya lura akwai wuri bayan tankin ruwa da ba kowa ke kallo ba. Ko zai yiwu a ja siririn kebul, saboda Sidi, tsoho ne, bai kamata a riƙa wahalar da shi ba.

"Amma kada Hajji ya ji," ya ce. "Zai ɗauka nemansa nake."

Na ce zan yi ƙoƙari.

Rami ɗaya na huda, kebul ɗaya na ja, na sa shi cikin bututun roba na turbuɗe da rairayi. Na buɗe wuri ɗaya da magatakardan ɓangarorin biyu ke ajiye takardun lodi. Sidi ya koma shayinsa. Hajji ya ba ni kwalin dabino saboda na rufa masa asiri, Nuri ya ba ni tsohuwar wayarsa saboda dalili ɗaya. Har na baro Sabha ba sa gaisawa sai ranar Idi, kowanne yana ganin shi ya yi wa ɗan'uwansa dabara, kuma mota ba ta ƙara kwana tana jiran takarda ba.

Da zan dawo gida aka kawo wani mutumin Chadi ya karɓi aikin. Na zaga da shi ko'ina, na ba shi makullai da faya-fayai, a ƙarshe na kai shi bayan tankin ruwa, muka duƙa, na tone rairayin na nuna masa bututun. Na ce in rana ta cinye kebul ɗin ya canza shi ranar Juma'a, lokacin da babu kowa. Ya tambaye ni wanne daga cikin mudiran ya san da shi.

Na ce, "Dukansu. Kada ka gaya wa ko ɗaya."